Jarumin sararin samaniya tsakanin mahaifi da 'yan tawaye

Ɗan uwa na karanta tambayarka, kana rubuta labarin wani mayaƙi a wata duniyar can sama, babansa kwamanda ne na sarkin da ya mallake iskar shaƙa yana saida wa talakawa, shi kuma zuciyarsa na wajen 'yan tawaye, kana tambaya wane ɓangare zai bi.

Ni dai shawarata kar ka yi saurin yanke masa. Kuma don Allah kar ka maida baban mugu zalla, bari ya zama shi ya koya masa tuƙa jirgin, shi ya goya shi ranar da uwarsa ta rasu, in ba haka ba ai babu wani tsaka mai wuya, kowa ma zai gudu.

Ka duba tarihinmu nan kusa mana. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello ne fa, jinin Sakkwato, amma ya juya wa gidansu baya ya bi Mahadiyya, wato tafiyar Mahadin Sudan, ya zauna Balda kusa da mu nan Marwa, ya auri Hauwa 'yar Rabe, mayaƙin da ya ci Borno ya zauna Dikwa, daga baya zamansa da Rabe ya yi tsami ya nemi fita daga Dikwa a 1898, Fadlallah ɗan Rabe, wato surukinsa, shi ya tare shi aka kashe shi. Wallahi duk sanda na tuna Hauwa sai jikina ya yi sanyi, miji a nan, ɗan uwa a can.

To ka ba jaruminka ƙanwa a cikin jirgin baban, wadda in ya harba ita ma tana ciki.