Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kallon Gasar Iyo, Keke da Gudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Hamburg ta ƙasar Jamus ya gayyace ni ziyara a watan Yuli, kuma ya ce zuwana zai dace da gasar tiriyatalon ta birnin, wadda ake haɗa iyo da tseren keke da gudu. Shi zai shiga rukunin masu sha'awa, sannan mu kalli ta ƙwararru tare. Ni kallon kokawa na saba, inda mutum yake samun wuri ya zauna ya ga komai tun daga kirari har faɗuwa. A ina zan tsaya, yaya zan gane wanda ke kan gaba, kuma ko zan iya miƙa wa yaron ruwa idan na ga ya galabaita? Daga wani mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ka lafiya, ya ba yaron sa'a. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin kuskure a kanta zai iya jawo wa ɗanka asarar wahalar da ya sha wata da watanni. Kada ka miƙa masa komai, ko ruwa ko dabino, kuma kada ka bi gefensa da gudu don ka ƙara masa ƙarfin gwiwa. Dokar gasar ta hana ɗan wasa karɓar taimako daga ƴan kallo, kuma alƙalai suna da ikon soke sakamakonsa a kan haka. Masu shirya gasar sun tanadi tebura a kan hanyar gudu inda ake miƙa ruwa, akwai kuma ma'aikatan lafiya. Idan ka ga ya jigata fiye da kima, mafi kusa daga cikin masu aikin gasar za ka kira. Hatta tsakanin ƴan wasa an tsaurara wannan doka. A 2016, a Cozumel ta ƙasar Meziko, zafi ya galabaitar da Jonny Brownlee na Birtaniya dab da layin ƙarshe, yayansa Alistair ya tallafe shi har ya ƙetare, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu kuwa ya wuce su ya lashe tseren. Duniya ta yaba wa ƴan'uwan, amma daga baya hukumar wasan ta haramta irin wannan tallafi.

Game da wurin tsayuwa, ka sani babu inda za ka ga gasar duka da idonka, sai dai ka zaɓi abin da ya fi cancantar gani. Tsarin da ake yi a gasar Olamfik, tun shigar wasan a Sidni a 2000, shi ne iyo na kilomita 1.5, keke na kilomita 40, wato kamar zuwa Mirriah da dawowa har da ɗan ƙari, sannan gudu na kilomita 10. Ƙwararru a Hamburg sukan yi rabin wannan ne: mita 750, kilomita 20 da kilomita 5, kuma maza sukan gama cikin ƙasa da awa ɗaya. Saboda haka wanda ya ce zai riƙa bin su daga wuri zuwa wuri cikin cunkoso, ga hanyoyi a rufe, zai ƙare ne da kallon bayan jama'a.

Iyo shi ne ɓangaren da ya fi ƙarancin amfani ga mai kallo. A ruwan Alster da ke tsakiyar birni ake yinsa, kuma ban da tsallen farko, abin da za ka gani bai wuce huluna da fantsamar ruwa ba. Shawarata ita ce ka kama wuri tun da wuri a dandalin Rathausmarkt, gaban ginin majalisar birni, inda ake ƙarewa. A tseren ƙwararru zagaye ake yi, don haka za su wuce ta gabanka sau da yawa, akwai kuma babban allo da ke nuna abin da ke gudana a nesa.

Abin da nake so ka zuba wa ido shi ne wurin sauya kaya, domin a nan ne gwaninta take fitowa fili. Ɗan wasa yana fitowa daga ruwa da gudu, ƙafa ba takalmi, ya jefa hular iyo da tabarau cikin akwatin da aka ajiye masa, ya ɗaure igiyar hular kwano kafin ya sauke kekensa, sannan ya tura keken yana riƙe da sirdi har ya wuce wani layi da aka zana a ƙasa, kafin nan ba shi da izinin hawa. Takalman keken kuwa tun farko an maƙala su a feda, an ɗaure da ƴar roba don kada su ja ƙasa, sai ya hau yana tafiya yake zura ƙafa. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi ne. Wanda hularsa ta faɗi a wajen akwati, ko ya hau kafin layi, za ka ga lambarsa a allon hukunci, kuma dole ya tsaya na daƙiƙa 10 a lokacin gudu, yana ji yana gani abokan takara suna wucewa.

A kan keke, ƙwararru suna tafiya rukuni-rukuni, domin an yarda musu su fake a bayan juna daga iska. Kada ka ɗauka na gaban rukuni shi ne gwani, sau da yawa mai wayo yana tsakiya yana tattalin ƙarfinsa. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin rukunin farko da na biyu. Ka zaɓi wata fitilar titi, ka duba agogo idan na farko suka wuce ta, ka ƙirga har na biyu su iso, sannan ka kwatanta a zagaye na gaba. Idan tazarar tana raguwa, to masu ƙarfin gudu da iyo ya bari a baya suna dawowa cikin lissafi. Sunan kowa da haruffa uku na ƙasarsa suna rubuce a rigarsa. Ka kuma kula da hannun babbar riga da sandar tuta, kada su leƙa ta kan shinge, musamman a kwana.

Gudu ne yake raba gardama, kuma ba a yanke hukunci sai an taka layi. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Hayden Wilde na New Zealand ya ba da tazarar da kowa ya ɗauka an gama, amma Alex Yee na Birtaniya ya cim masa dab da ƙarshen tseren ya karɓe zinariya.

Tseren ɗanka daban yake. Masu sha'awa suna da yawa ƙwarai, ana sakinsu kashi-kashi, kuma wata ƴar na'ura da ake ɗaura wa kowa a idon sawu ce take ƙirga lokacinsa, don haka wanda ya riga shi isa ba lallai ne ya fi shi ba. Ka tambaye shi lambarsa, da lokacin tashin kashinsa, da tsawon da ya zaɓa. Ku tsayar da wuri ɗaya a kan hanyar gudu, har da ɓangaren titin da za ka tsaya, domin ya fi sauƙi shi ya hango hularka a kan kai ka tsinto shi cikin ɗaruruwa. Ka kira shi da sunan da ake kiransa a gida, da Hausa, da ƙarfi, tun yana nesa. Ba zai kasance da waya a jikinsa ba, saboda haka ku yanke inda za ku haɗu bayan ya gama. Ka tafi da rigar ruwa, domin Yulin Hamburg ba ya rabuwa da yayyafi, ka kuma sake duba jadawalin a daren jajibiri, tunda ko a Faris sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda rashin tsabtar ruwan kogin Seine.