Ina kuskuren yake a "The problem has complicated"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin jarrabawar WAEC, na rubuta "The problem has complicated" a insha'ina, sai malamarmu ta ja layi da jan biro a ƙarƙashinsa. Na san "complicate" na nufin wahalar da abu. To ina na kuskure? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malamarki ta yi daidai, kuma na ga inda kuskuren ya samo asali: da Hausa kika yi tunanin jimlar. Mu muna da "dagula" da "dagule". Audu ya dagula al'amari, al'amari ya dagule. Turanci bai ba wannan kalma fuska biyu haka ba. Dole a ambaci abin da aka dagula a bayanta. Idan nufinki matsalar ta dagule, sai ki ce "The problem has become complicated."

Ma'anar ma tana son gyara kaɗan. Kalmar daga Latin ta zo, daga "complicare", haɗin "com", wato tare, da "plicare", wato naɗewa. Ki tuna zaren da ya sarƙe har aka rasa bakinsa. Wahalar da take nufi ke nan: abubuwa sun ƙaru, sun cakuɗe, warwarewa ta yi wuya. A ce ana dab da gama rabon gado, sai ga wani magaji ya ɓullo, lissafi ya koma sabo. Nan ne gurbinta: "The new heir complicated the case." Za ki kuma yawaita ganin "to complicate matters", wanda ya yi kusa da namu "wani ƙarin dagulewar kuma".

Al'amari ake dagulawa da ita, kamar shari'a ko shiri ko dangantaka. Kada ki ce "He complicated me" don wani ya wahalar da ke. "He made things difficult for me" ake cewa. Idan kuma wani abu ne ya tsananta ciwo, "aggravate" ko "worsen" sun fi dacewa.

Ina roƙonki ki kiyayi 'yar'uwarta "implicate", don na sha ganin ɗalibai suna musanya su. Tushensu ɗaya, amma ita tana nufin nuna cewa da hannun mutum a wani laifi. A asibiti kuwa, in likita ya ce "complications", yana nufin matsalolin da suka biyo bayan cuta ko tiyata, kamar yadda ciwon suga kan taɓa ƙoda da ido.