Amsa ga ƙanenmu a kan gayyatar ranar al'adu

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina da sauran 'yan uwa na wannan zaure, barkanmu da yamma. Na saurari saƙon ƙanenmu da ya zo daga Katsina bai cika shekara a Kumasi ta ƙasar Ghana ba, inda yake cewa maƙwabciyarsu a Asawase, wadda take koyarwa a wani ƙauye, ta gayyace shi da iyalinsa bikin ranar al'adu na makarantarsu, yana tambaya ko ya dace Musulmi baƙo ya je. Ƙanena, ka je, kuma ka tafi da yaranka.

Ni ma na taɓa amsa irin wannan gayyata a wata firamare da ke wajen Ejisu, ba nisa da Bonwire inda ake saƙa kente. Da muka isa, mun tarar an kafa rumfuna a filin ƙwallo, sarkin ƙauyen yana zaune ƙarƙashin babbar laima, kakakinsa da suke kira okyeame yana riƙe da sanda, domin a wajen Tonawa, wato mutanen Ashanti, ta bakinsa ake yi wa sarki magana. Idan za ka gaisa da manya, ka fara daga hannun damanka kana tafiya zuwa hagu, kada ka tsallake kowa, wannan ladabi ne da suke lura da shi ƙwarai.

Na san abin da ke damunka shi ne zuba giya a ƙasa da dattijo yake yi yana kiran kakanni. An yi shi a gabana, na tsaya a gefe na kame bakina, babu wanda ya matsa mini ko ya harare ni, kuma daga baya fasto ya yi addu'arsa, limamin zangon ƙauyen shi ma aka ba shi lasifika ya yi tasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiɗan. Yara 'yan aji biyar suka kaɗa atumpan, tagwayen ganguna masu kwaikwayon hawa da saukar muryar harshensu, sannan wani yaro ya rataya donno a hammatarsa yana matse tsirkiyoyinta, wallahi sai na ga kamar kalangun mahautan Kano ne a gabana. Kakanninmu fatake sun daɗe suna bin hanyar Salaga suna ɗaukar goron ƙasar nan zuwa ƙasar Hausa, don haka ban yi mamakin wannan kama ba, amma sai da idona ya kawo ruwa. Daga nan 'yan mata suka yi rawar adowa, wadda kowane juyin hannu a cikinta yake da ma'ana, sannan suka yi wasan kwaikwayo a kan Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu da ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1900 saboda kujerar zinari ta sarautar Tonawa.

A mota muna dawowa 'yata ta tambaye ni ko mu ma muna da irin wannan mace, na ba ta labarin Sarauniya Amina ta Zazzau, na kuma ji nauyi da na gane ban taɓa gaya mata ba sai ranar. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a nan, don haka abin da yaranmu za su sani na gida, daga bakinmu kawai zai fito.

Ka riƙe 'yan canjin sidi don yi wa yara liƙi idan sun yi rawa, ka ɗauki buta da darduma saboda azahar takan riske ku a can, abinci kuma ka nemi matan zango masu sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Ka sanar da mu ranar, idan Allah ya ba ni iko zan raka ku. Wassalam.