Iri ɗaya, mai daban: me ke sauya man gyada daga shekara zuwa shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar man gyada da ƙuli-ƙuli a gida. Gyadar da na saya bara ta ba ni mai sosai, man kuma ya daɗe a jarka lafiya lau. Bana wurin mutum ɗaya na saya, ya rantse mini iri ɗaya ne, amma man ya ragu, kuma bai jima ba ya fara wari yana maƙaƙi a wuya. Laifin iri ne, ko na ƙasa, ko ha'intata aka yi? Daga wata mai karatu a Gumel.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ki yi saurin zargin mutumin nan, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa miki. Iri ɗaya yana iya ba da mai kala biyu a damina biyu. Kuma abubuwa biyu kika kawo, yawan mai da ƙarkonsa, kowanne da dalilinsa.

Ƙwayar gyadar da ta ƙosa, kusan rabin nauyinta mai ne. Man kuwa haɗin maiƙo ne iri-iri, amma biyu ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100: wanda ake kira oliyik da wanda ake kira linoliyik. Oliyik yana jure iska da zafin wuta. Linoliyik jiki yana buƙatarsa, ba abin ƙi ba ne, sai dai shi ne iska ke saurin ɓatawa, daga nan warin da maƙaƙin ke fitowa. Gwargwadon yadda oliyik ya rinjayi ɗan'uwansa, gwargwadon daɗewar manki a jarka.

A nan gado yake shigowa. Tsiron gyada oliyik yake fara haɗawa, sannan wani sinadari a cikin ƙwayar ya riƙa juya wani kaso zuwa linoliyik. Ƙwayoyin gado guda biyu ne ke ba da umarnin wannan aiki, masana suna kiransu FAD2A da FAD2B. A 1987 masu bincike a Jami'ar Fulorida ta Amurka suka ba da labarin wata gyada da duka biyun suka daina aiki a cikinta, haka kawai daga Allah, ba wanda ya taɓa ta a ɗakin gwaji. Oliyik ɗinta ya kai wajen kashi 80, linoliyik bai fi kashi 2 zuwa 3 ba. Daga ita aka yi ta barbara har aka fitar da iri na kasuwa a Amurka, sannan Indiya ta fitar da nata, Girnar 4 da Girnar 5, tare da haɗin gwiwar ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, wadda ke da ofis a Kano da tashar bincike a Sadore kusa da Yamai. Man irin wannan gyada yana daɗewa ninki-ba-ninki, kuma ba takin da za a zuba wa gyada ta yau da kullum ta kamo shi.

Ko a cikin gyadar da muka saba akwai bambanci. Masu ƙananan ƙwaya da ke nuna da wuri, dangin 'yar Dakar, galibi linoliyik ɗinsu ya fi na masu manyan ƙwaya da ke daɗewa a gona. Irin SAMNUT da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa su ma kowanne da halinsa. Tun bayan annobar cutar kuturtar gyada ta 1975, abin da masu inganta iri suka fi sa wa ido shi ne jure cuta da saurin nuna, don haka ba kowane sabon iri ne ya fi tsoho ƙarkon mai ba.

To amma ke an ce miki iri ɗaya ne, don haka gona za mu duba. Ni abin da na fi zato shi ne gyadar ba ta gama ƙosawa ba aka cire ta. Ƙwaya tana ci gaba da tara mai har kusan ƙarshe, kuma a wannan lokaci ne oliyik ke hawa. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, ko manomi ya ji tsoron ƙasa ta bushe ta riƙe masa gyada, ko kuɗi ya matse shi, sai ya cire da sauran kwanaki. Irin wannan ƙwaya takan yamutse in ta bushe, ga zaƙi a baki amma ba mai. Gane ta ba wuya. Ki fasa kwanso ki dubi cikinsa: wadda ta ƙosa za ki ga cikin ya yi duhu-duhu, ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, ƙwayar ta cika ɗakinta tam. Wadda aka yi wa gaggawa cikin kwansonta fari ne fes, kamar auduga.

Zafi da sanyi ma suna da hannu. Sinadarin nan mai juya oliyik ya fi himma a cikin sanyi, saboda haka gyadar noman rani da ta yi ƙwaya a tsakiyar hunturu takan fi linoliyik, wadda ta yi cikin zafi kuma ta fi oliyik. Tunda a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya, ɗumin ƙasar ne ma'auni. Wannan yana motsa lissafin da 'yan kaso ne kawai.

Taki kuwa, gyada ba ta cika buƙatar yuriya ba, tana samar wa kanta abin da yuriya ke bayarwa ta saiwa. Abin da take nema a daidai inda kwanso ke girma shi ne sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a takin supa. In ya yi ƙaranci, sai ki tarar da kwanso fanko ko ƙwaya tsamurarra.

Sauran ɓarnar bayan an cire take faruwa. Gyadar da aka tara jibgi da danshinta, ko ruwan ƙarshen damina ya dake ta a shanya, man cikinta yana fara lalacewa tun kafin ta zo hannunki. Ana so danshin ƙwaya ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 kafin a zuba a buhu. A aikace, ki girgiza kwanso ki ji ƙwaya tana kacau-kacau, in kin ciza ta karye ƙaras. Ɓararriyar gyada da ta daɗe a buhu, musamman mai yawan fasassun ƙwayoyi, ta fi saurin lalacewa.

Akwai abin da ya fi warin mai haɗari. Fari a ƙarshen damina da rashin bushewa su ne ke buɗe wa fumfuna ƙofa, ita kuma ta bar gubar aflatoksin mai lahanta hanta. Suya ba ta kawar da ita, kuma yawancinta a tunkuza take zama, wato cikin ƙuli-ƙulin da yara ke ci. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko kore-kore, ko ƙwari suka huda, ki tsince ta ki zubar, kada ki ba kaji ma.

A sayen gaba, in da hali ki sayi mai kwanso, ki ɗebo daga tsakiyar buhu ba daga baki ba. Kafin ki zuba jari, ki gwada mudu ɗaya ki auna man da ya fito. Bayan kin matse, ki dafa shi har ruwa ya ƙone ya daina tsartsatsi, ki bari ya kwanta ki tace, domin ɗigon ruwa da gutsurin tunkuza suna gaggauta lalacewarsa. Ki cika jarkar har wuya ki toshe da kyau, ki ajiye a inuwa, kuma kada ki juye sabon mai a kan ragowar tsoho.