Amsar tambayar Kanada da tsadar haya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce tunda Kanada ta ninka Najeriya sau goma a girma, mutanenta kuma wajen miliyan 41 ne kawai, me ya sa hayar ɗaki a Toronto take neman kashe mutane? To, tsaya ka ji.

Taswira ce ta ruɗe ka. Ƙasar kam ƙatuwa ce, in aka cire Rasha babu kamarta. Amma kusan rabinta wani tsohon falalen dutse ne da ya kewaye Tekun Hudson, ƙasar da ke kansa ba ta da zurfi, ga tafkuna da fadamu ta ko'ina, garma ba ta samun abin kamawa. In ka ƙara nausawa arewa kuwa, ƙarƙashin ƙasa a daskare yake shekara da shekaru. Gida ma sai an ɗora shi kan turakun ƙarfe, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙanƙarar ginin ya nutse.

Ɗauki yankin Nunabut da aka kafa a 1999. Ya ninka Najeriya sau biyu, amma mutanensa wajen dubu 40 ne, yawancinsu 'yan asalin wurin, wato Inuwit. Babban birninsu Ikaluwit babu titin mota da ya haɗa shi da kudu. Kaya sai ta jirgin sama, ko jirgin ruwa a 'yan watannin da teku ta narke. Wallahi ina tausaya musu kan tsadar abinci.

Shi ya sa jama'a suka takure a kudu, jikin iyakar Amurka. Daga birnin Winsa, a bi ta Toronto da Montiriyal, zuwa birnin Kebek, a gefen manyan tafkuna da kogin San Lorans, nan kusan rabin 'yan ƙasar suke. Can akwai ƙasar noma mai kyau, can jiragen ruwa suke shiga, tun Faransawa suka kafa Kebek a 1608, Montiriyal a 1642. Yammaci kuwa jirgin ƙasa ne ya buɗe shi da aka gama shimfiɗa layin dogo a 1885, kamar dai yadda ya bunƙasa mana Kaduna. Birnin Bankuba da ke gaɓar tekun yamma da shi ya tashi. Biranen Kalgari da Edmonton kuma man fetur ya ɗaga su bayan 1947.

Yanzu Toronto, Montiriyal da Bankuba kaɗai sun kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na al'ummar. Baƙi suna ta sauka a can saboda aiki da 'yan'uwa, ginin gidaje bai kamo yawansu ba.

Don haka in tafiyarka karatu Kanada ta tabbata, don Allah kada ka kafe kan Toronto. Duba birnin Winifeg ko Saskatun, haya ta fi sauƙi. Sai dai sanyinsu yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, ka sa kuɗin rigar sanyi da takalmi a lissafinka tun daga nan.