Amsa ga mai tambaya kan ɗurin bindigar toka

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki, kana son sanin yadda ake ɗura ta lafiya, kuma ko za ka iya farke harsashin zamani ka yi amfani da garin cikinsa tunda baƙin albarushi na wuyar samu. Ta biyun ce ta tayar min da hankali, don haka da ita zan fara. Don Allah kada ka kuskura. Garin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ƙarfin da yake tarawa a cikin bututu ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, ƙarfen bindigar toka kuwa ba a ƙera shi don wannan ba. Can wajen gindi take tsagewa, daidai inda fuskarka da hannunka suke. Baƙin albarushi kawai ake sa mata, ko madadinsa da aka yi dominta, irin su Pyrodex. Kada launi ya ruɗe ka, garin zamani ma baƙi-baƙi ne. Garin da ba ka ga sunansa a jikin gwangwaninsa ba, bar shi.

Tunda gado ce, ɗauke ta a matsayin ɗurarriya. Albarushi na iya shekara da shekaru a ciki, kuma ya tashi ranar da wuta ta same shi. Wannan bindiga ba a buɗe bayanta a leƙa, sandar ɗuri ita ce idonka. Zura ta har ƙasa, ka riƙe daidai inda baki ya tsaya, ka zaro, ka kwantar da ita a jikin bututun daga waje. In ta kai har wajen ramin wuta, wato ƙaramar kafar da wuta ke bi ta kai ga gari can gindi, babu komai. In ta gaza, akwai abu a ciki, sai ka kai wa maƙerin bindiga. Ko da babu komai ma, ni dai ba na harba tsohuwar bindiga sai gwani ya duba tsatsa da tsaga, kuma shi zai faɗa maka awon da za ta iya ɗauka.

In an tabbatar fanko ce, yi wa sandar zane a daidai baki. Ranar da ka yi ɗurin farko mai kyau, ƙara zane na biyu. Duk tsawon zamana da irin wannan bindiga ban ga abin da ya kai zanen nan biyu amfani ba. Ana cikin ɗuri wani zai yi maka magana, ka juyo ka rasa ko ka zuba gari ko ba ka zuba ba. A nan ake ɗuri biyu, ɗaya kan ɗaya. Sanda kuwa ba ta mantuwa.

Goge mai daga bututun da busasshen ƙyalle. In mai hula ce, wato ɗan ƙoƙon ƙarfen da ake ɗorawa a ramin wuta ya ba da tartsatsi in an doke shi, fasa hula ɗaya ko biyu ba gari, baki na kallon ciyawa. Ka ga ciyawar ta motsa, hanyar wuta a buɗe take. Sai ka kafa gindi a ƙasa, baki ya karkata nesa da fuskarka, babu hula a ramin wuta, babu sigari a kusa. Zuba gari a ma'auni, rufe gorar, sannan ka juye ma'aunin a bututu. Daga gora kai tsaye ba a zubawa, domin in ɗan garwashin harbin baya ya saura, gorar duka za ta tashi a hannunka. Shi ya sa nake gogewa da ƙyalle mai ɗan laima tsakanin harbi da harbi, ba na hurawa da baki. Girman ƙwayar garin ma da magana, da harafin F ake nuna shi a jikin gwangwani: FFg na manyan bututu ne, kamar .50 (faɗin rabin inci) zuwa sama, FFFg na ƙanana, FFFFg kuma na kaskon bindiga mai dutsen ƙanƙara ne kawai, wato ɗan wurin zuba garin kunnawa a gefen ramin wuta, ba ya shiga bututu.

Ɗora ƙyalle mai maiƙo, ɗora dalma, ka tura. Kama sandar kusa da baki, kana turawa kaɗan-kaɗan, kada tafin hannunka ya rufe kanta. Za ka ji lokacin da dalmar ta zauna, garin ya ɗan yi ƙuras a ƙarƙashinta, zane na biyu ya zo daidai baki. In zanen ya tsaya sama, kada ka harba. Sarari tsakanin gari da dalma yana kumbura bututu, wani lokaci ya fasa shi. Zare sandar. Hula ko garin kasko shi ne na ƙarshe, sai ka tsaya inda za ka yi harbi.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka sauke ta ka leƙa. Riƙe ta tana kallon inda ka nufa har minti ɗaya cur, don wuta kan yi jinkiri ta tashi daga baya. Sannan ka cire hular, ka tsokane ramin da siririyar waya, ka sake danna dalmar, don hular da ta fashe kan ɗaga ta daga kan gari. In ta ƙi har wa yau, jiƙa garin da ruwa ya mutu kafin a ciro dalmar da sukurun cirewa, ko a hure ta da ƙaramin tulun iskar CO2 da ake sayarwa don wannan aiki.