Na tuba, amma ciwon bai tafi ba

'Yar'uwa, sannu da jinya. Kin ce wata bakwai ke nan maigidanki yana kwance, kin yi azumi, kin furta duk zunubin da kika iya tunawa, amma shiru. Kina tambaya ko Ubangiji ya ƙi tubanki ne, ko kuwa mulkin ya kuɓuce masa. Ni ba fasto ba ce, sai dai na zauna inda kike zaune.

Da ɗana ya kwanta da ciwon ƙoda, wata dattijuwa ta zo dubiya, ta riƙe hannuna ta ce in bincika zuciyata, akwai abin da na ɓoye. Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙaya. Da dare sai in zauna a kujerar roba gefen gadonsa, idona a kan ɗigon ruwan da ake ƙara masa, ina tono laifuffukana tun na ƙuruciya. Har na kai ga neman gafarar abin da ban aikata ba.

Littafin Luka sura 13 a Littafi Mai Tsarki ne ya kwance ni. Hasumiya ta faɗo a Siluwam ta kashe mutum 18, Yesu ya tambaya ko sun fi sauran mazauna Urushalima laifi ne, ya kuma amsa da kansa cewa a'a. Sa'an nan ya juya ga masu rai da lafiya ya ce su tuba. Kin gani, kiran tuba bai ware wanda masifa ta faɗa wa ba, har mai zuwa dubiya yana ciki. Abokan Ayuba ma (Allah ya raba mu da irin ta'aziyyarsu) kwana bakwai da suka yi shiru shi ne aikin kirkinsu. Da suka buɗe baki suna ɗora masa laifi, ƙarshenta Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ya yi fushi da shi da abokansa biyu.

Tuban da ya kamace ni ashe wani ne dabam. Na mai da addu'a ciniki: ga hawayena, ga azumina, ba ni lafiyar yaro. Ba a yi wa Sarki haka, kuma jinƙan da aka saya da kuɗi ai ya tashi daga jinƙai.

Ki duba ɓarawon nan na Luka 23, wanda aka gicciye tare da Yesu. Ya dubi Yesu a rataye, jini ko'ina, an kafa rubutu bisa kansa wai Sarkin Yahudawa don ba'a, shi kuwa ya roƙe shi ya tuna da shi sa'ad da ya shiga mulkinsa. A ranar ya sami amsa, alhali ba a sauke shi daga gicciye ba. Wurin nan na fi komawa idan zuciya ta soma ce mini ba kowa a kan kursiyin.

Ranar da addu'a ta ƙi fitowa, ki buɗe Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da an ba mai kukan amsa ba. Ki ci abinci, ki bar wani cikin 'yan'uwa ya karɓe ki ko da dare ɗaya ne.

Ɗana bai warke ba tukuna, har yanzu wankin ƙoda ake yi masa. Ranar Alhamis za mu koma, a kujerar nan zan sa maigidanki cikin addu'a.